Yadda Za Ka Wakilta Ɗanka a Asusunka na Banki

Dattijo a Argungu ya sayar da shinkafar rani, kuɗi sun shiga banki, ga shi ƙafa ba ta barinsa bin layi. Abin da aka saba yi shi ne a miƙa wa ɗa katin ATM, a raɗa masa lambar sirri. A wurin banki wannan ba wakilci ba ne. Duk abin da aka cira da lambarka kai ka cira, ko ma wa ya danna.

Da farko kai da ɗanka ku je reshen bankin tare. Kowa ya riƙe katin shaidarsa, ƙaramin hoto, da BVN ɗinsa mai lambobi 11. Ka ce kana son a ƙara mai sa hannu a asusunka. Wani bankin fom zai ba ka, wani kuma sai ka kawo takardar wakilci daga lauya. Ka lura kada a mayar da shi asusun haɗin gwiwa, don wannan zai iya sa ɗan ya zama mai rabo a kuɗin.

Sai iyaka, kuma nan kunya ke kayar da mutane. Yaro zai ce, "Haba Baba, ni ne fa." Shi ɗin ne, amma a rubuta: shi kaɗai zai iya cira, ko sai da hannunka? Har nawa? Zuwa yaushe? Saƙon shiga da fitar kuɗi kuwa ya ci gaba da zuwa wayarka.

In ba ka karanta boko, kada ka dangwala yatsa sai an karanta maka takardar da Hausa, wanda ya fassara kuma ya rubuta sunansa da adireshinsa a jikinta. Fom da aka bar gurbi a ciki wai "za a cike daga baya", mayar musu da abinsu.

Ranar da ka so janye wakilcin, faɗa a zaure ba ta isa ba. Rubuta wasiƙa, kai banki, a buga hatimi a kwafinka.

Wakilci yana ƙarewa da rasuwar mai asusun, a fiƙihu da dokar ƙasa duka. Daga lokacin kuɗin na magada ne. Wakili ya ajiye katin, a sanar da banki, a nufi kotu don takardun gado.