Darasi na Tara: Ciwon Haƙori

Babban mutum yana da haƙora 32, yaro kuma 20. Kowane haƙori yana da ɓawo mai tauri a waje, can ciki kuwa akwai jijiya da jini. Muddin ɓawon yana nan kalau, jijiya ba ta jin komai. Ranar da wani abu ya sami hanyar kaiwa gare ta, ranar ciwo ke farawa.

Zaƙi shi ne kan gaba wajen buɗe wannan hanya. Gobe da safe, kafin ka yi asuwaki, shafa harshenka a kan haƙoranka. Wannan yauƙin da za ka ji, tarin ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani. Su ma sukari suke ci. In sun ci sai su fitar da tsami, tsamin ya riƙa cin ɓawon haƙori a hankali, kamar yadda gara ke cin azara, har ya yi kogo. Wanda ya sha rake sau ɗaya ya kurkure baki bai kai haɗarin wanda ya yini yana tsotsar alewa ko mazarƙwaila ba, yana bi da lemon kwalba, ya rufe da shayi mai sukari ya kwanta. Da dare yawu yana raguwa, ga shi kuwa yawu ne ke wanke tsamin.

A ranar kasuwa, a Jega ko a Argungu ko ma a ko'ina, kana iya cin karo da mai cewa yana cire tsutsar haƙori, ya turara maka hayaƙi, ya nuna maka abu a kwano. Riƙe kuɗinka. Babu tsutsa a cikin haƙori.

Akwai kuma ciwon dasashi, wanda alamarsa jini in ana goge baki. Akwai tsagewar haƙori, musamman ga masu buɗe kwalba ko fasa ƙashi da turmi. Turmin ƙarshe ma, mai fitowa tsakanin shekara 17 zuwa 25, yakan zo da kumburi.

To, in ciwo ya taso cikin dare fa? Zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, ka kurkure baki sosai ka zubar. Cire guntun naman da ya maƙale da zare mai tsabta, ba da allura ko tsinken ashana ba. Daka kanumfari ɗaya ko biyu, ka jiƙa da ɗigon man gyaɗa, ka ɗora a kan haƙorin da 'yar auduga. Kanumfari yana da wani mai da ke kashe zafi na ɗan lokaci. Babba yana iya shan farasitamol mai lamba 500 ƙwaya biyu, ya jira aƙalla awa 4 kafin ya ƙara, kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da kwana. Mai gyambon ciki da mai juna biyu su guji ibuprofen sai da izinin likita. In kunci ya kumbura, a ɗora tsumma mai sanyi ta waje, a kuma ɗaga kai da matashi wajen kwanciya.

Kada ka danna asfirin a jikin dasashi, ƙona shi yake yi. Ruwan batir da fetur kuwa, da wasu ke ɗigawa idan zafi ya kai su bango, guba ne tsagwaronta.

Duk waɗannan dabaru na kai ka wayewar gari ne. Kogo ba ya rufe kansa. Sau da yawa ciwo yakan ɗauke ɗif bayan kwanaki, mutum ya ce an sami sa'a, alhali jijiyar ce ta mutu, mugunya kuma tana taruwa a saiwa. Wanda ya je da wuri, ciko kawai likita zai yi masa, ya tafi da haƙorinsa. Wanda ya daɗe, sau da yawa sai dai a cire. Ciwon da ya wuce kwana 2, a nemi sashen haƙori a babban asibiti, kamar na Sir Yahaya a Birnin Kebbi. Idan kuwa da zazzaɓi, ko kumburi ya nufi ido ko wuya, ko haɗiya da numfashi sun yi wuya, a tafi a ranar.

Iyaye mata, ku riƙa duba bakin yara. Yaro mai tamowa ko wanda ya tashi daga ƙyanda, in dasashinsa ya yi gyambo yana wari, kada a jira. Wannan gyambo yana iya zama cutar da ake kira noma, wadda ke cin kunci cikin 'yan kwanaki, akwai kuma asibitinta na musamman a Sakkwato.

Aikin gida: a wannan makon ka goge baki safe da dare da man goge baki mai fuloraid, wato sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori, ka tofar ba tare da kurkurewa ba. Rubuta a littafinka sau nawa ka sa zaƙi a baki jiya, ka zo da shi aji.