Kurakuran da direbobinmu ke yi a nafaƙan Makka

Duwatsu sun kewaye Makka, shi ya sa aka huda su aka ratsa da tituna. Mai ɗauko fasinja daga unguwar Aziziyya zuwa Harami ta Mahbas al-Jin, ko daga unguwar Kudai, ko mai zuwa Mina, sau da yawa yakan bi nafaƙi, wato irin wannan rami na cikin dutse. Da yawansu tagwaye ne, ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa.

Tun a bakin ramin ake fara kuskure. Direba ya fito daga hasken ranar azahar da baƙin tabarau a fuska, ya faɗa ciki a guje, alhali idonsa bai saba da duhun ba. Cire tabarau, kunna fitila, rage gudu kafin ka shiga, ka bar tazara. Canza layi kuma a bar shi sai an fita.

Wanda ya fi damuna shi ne tsayawa. Hajiya ta ce "Ɗana, sauke ni a nan," sai direba ya taka birki don kunyar ta. Wallahi ba ladabi ka yi mata ba, ka ajiye ta ne inda babu wurin takawa, motocin baya kuma ba su tsammaci mutum ba. Ka ba ta haƙuri har ku fito fili. Haka wanda ya ɓata hanya, saboda taswirar waya kan rikice a cikin dutse, kada ya kuskura ya ja da baya. Ya wuce, ya zagayo ta ɗaya ramin.

Idan cunkoso ya daɗe, kashe inji. Hayaƙin mota a rufaffen wuri guba ne. In gobara ce a gabanka, ka raɓe, ka bar makulli a jikin motar, ku fita a ƙafa ku nufi inda kuka shigo ko ƙofar gaggawa mafi kusa, nesa da hayaƙin, sannan ka kira lambar gaggawa, 911. Kada a koma ɗaukar jaka.

Masu tafiya a ƙafa ma suna da nasu. A aikin Hajjin 1990, mutum 1,426 suka rasu a turmutsutsun nafaƙin Mu'aisim da ke Mina, Allah Ya jiƙan su. Duk wanda ke jagorantar alhazai zuwa jifa ya riƙe su a hanyar da aka ware musu, ya hana su juyawa su tari taron da ke tahowa, ko da takalmin wani ne ya faɗi.