Nauyin mai juna biyu: kilo nawa ya kamata ki ƙara, kuma daga wane abinci

Ranar awo, kafin a ɗaura miki abin gwajin hawan jini, kafin ungozoma ta taɓa cikin, sikeli za ki fara hawa. Nas ta dubi allura, ta rubuta lamba a katinki, ta kira ta gaba. Mata da yawa sukan sauka ba su tambayi abin da aka rubuta ba. Alhali lambar nan, idan aka jera ta da ta watan jiya da ta wancan watan, tana nuna ko ɗan da ke ciki yana samun abinci yadda ya kamata, wani lokaci ma ita ke fara tona ciwon da bai riga ya fito fili ba. Ki riƙa tambaya, kuma ki iya lissafin da kanki.

Daga ina kika tashi?

Babu adadi ɗaya da ya dace da kowace mace. Abin da za ki ƙara ya danganta da jikin da kika shiga cikin da shi. Ana gane wannan da lissafin da ake kira BMI: ki ninka tsawonki na mita da kansa, sannan ki raba nauyinki na kilo da abin da ya fito. Mace mai tsawon mita 1.60, idan ta ninka za ta samu 2.56. In nauyinta kilo 55 ne, lissafinta 21.5 ke nan. In kilo 45 ne, 17.6. In kuwa 75 ne, ya kai 29.3.

Ma'aunin da likitoci suka fi aiki da shi shi ne wanda Cibiyar Nazarin Lafiya ta Amurka ta fitar a 2009, ga mai ɗauke da jariri ɗaya:

- ƙasa da 18.5, wato siririya sosai: kilo 12.5 zuwa 18
- 18.5 zuwa 24.9: kilo 11.5 zuwa 16
- 25 zuwa 29.9, wato mai jiki: kilo 7 zuwa 11.5
- 30 zuwa sama, wato mai ƙiba sosai: kilo 5 zuwa 9

Mai tagwaye da ta fara da matsakaicin jiki tana buƙatar kilo 17 zuwa 25. Waɗannan alƙaluma jagora ne, ba doka ba, kuma ungozomarki na iya matsawa sama ko ƙasa kaɗan bisa abin da ta gani. Amma ki lura da abu guda: ko mai ƙiba sosai ba a ce mata ta rage ba. Lokacin ciki ba lokacin shan shayin rage tumbi ba ne.

In ba ki san nauyinki na da ba, wanda aka auna cikin makonni 12 na farko zai tsaya a madadinsa. Wannan na cikin dalilan da suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2016, ta ce a fara awo cikin makonni 12 na farko, kuma a je aƙalla sau takwas. Kunyar cikin fari takan sa yarinya ta ɓoye har wata shida, lokacin an riga an rasa mafarin lissafin. Idan haka ta faru, ki ce a auna damtsenki da tef. A wurare da yawa, damtsen da bai kai santimita 23 ba alama ce ta cewa mace na buƙatar ƙarin abinci da kulawa ta musamman.

Ina kilon ke tafiya, kuma yaushe

Kilo 12 ba kitse ne zalla ba. Jariri kansa kilo 3 zuwa 3.5 ne. Mabiyiya ta haura rabin kilo, ruwan faya kusan kilo 1, mahaifar da ta buɗe ita ma kusan kilo 1. Jinin jikinki yana ƙaruwa da fiye da kilo 1, ga ruwan jiki, ga nono da ke cikowa. Abin da ya rage, kilo 3 ko 4, shi ne kitsen da jiki ke ajiyewa don shayarwa, rumbu ne da za a ci daga baya.

Wata ukun farko ba a jiran komai mai yawa: rabin kilo zuwa kilo 2 gaba ɗaya, kuma mai laulayi ma takan ɗan faɗa. Daga wata na huɗu ne tafiya ke miƙewa. Mai matsakaicin jiki ta riƙa ƙara kamar giram 400 a mako, wato kilo ɗaya da rabi zuwa biyu a wata. Siririya kamar rabin kilo a mako. Mai jiki kamar giram 300, mai ƙiba sosai kamar 200. Awo ɗaya ba ya yanke hukunci, domin cin tuwo ko cikar mara kan motsa allura. Jerin awon ake dubawa. Ki hau sikeli ɗaya a duk awo, ki cire takalmi, ki ajiye jaka, kuma in kina goyo ki sauke yaron.

Tsoron ƙaton jariri

A nan ne aka fi yin kuskure. Akan ce wa mai ciki ta rage ci don kada ɗan ya yi girma ta sha wuya wajen haihuwa, a hana ta ƙwai, a hana ta madara, a ce zaƙi zai tsare mata hanya. Tsoron yana da tushe, domin duk wanda ya ga doguwar naƙuda ba ya fatan sake gani. Sai dai yunwa ba ta buɗe ƙugu. Abin da take yi shi ne ta kawo jaririn da bai kai kilo 2.5 ba, ko bakwaini, wanda sanyi ke saurin kamawa, ba shi da ƙarfin jan nono, kuma ciwo kaɗan ke kayar da shi. Uwar kuma ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, zubar jinin da wata za ta jure ita ta kai ta ga halaka. Maganin tsoron doguwar naƙuda shi ne a auna girman ciki da kwanciyar ɗa a asibiti, a kuma haihu a hannun ƙwararru.

Maganar zaƙi kuwa akwai gaskiya a gefe ɗaya. Yawan sukari da lemon kwalba suna taimaka wa ƙiba marar amfani, kuma mai ciwon suga na ciki tana iya haihuwar jariri mai kilo 4 ko fiye, wanda kafaɗarsa na iya maƙalewa. Amma maganin wannan gwajin jini ne tsakanin mako na 24 da na 28, da gyaran abinci. Jiƙe-jiƙen da ake kira maganin zaƙi ba wanda ya san ma'auninsu, kada ki sha.

Ɗaya kuskuren shi ne cewa tunda ku biyu ne, sai a ninka malmala. Ƙarin da jiki ke nema kaɗan ne: babu ƙari a wata ukun farko, kalori (ma'aunin ƙarfin abinci) kamar 340 a rana a wata ukun tsakiya, kamar 450 a na ƙarshe. Kofi ɗaya na kindirmo, dafaffen ƙwai ɗaya da ayaba ɗaya sun kusa cika 340. Ki ƙara ɗan cikin hannu na gyaɗa, kin wuce 450. Kwalbar lemo guda kuwa tana ɗauke da sukari cokalin shayi takwas zuwa tara, ba ta da abin gina jini ko ƙashi ko kaɗan.

Yadda za ki tsara kwanon

Tuwon dawa, gero, masara, shinkafa da doya su ne ƙarfi, kuma ba su ne suka yi ƙaranci a yawancin gidaje ba. Abin da ke ƙaranci shi ne mahaɗi. Malmala biyu da miyar kuka tsululu za su cika ciki, amma ba za su gina ɗa ba. Saboda haka a kowane cin abinci ki tabbata akwai ɗaya daga cikin masu gina jiki: wake, ƙosai, alale, awara, gurjiya, gyaɗa, ƙwai, kifi, nama ko nono. Ba sai mai tsada ba. Busasshen kifi ƙanana da aka daka har da ƙayarsa aka zuba a miya yana ba da sinadarin ƙashi. Ƙuli-ƙuli da aka daka a kwaɗon zogale ko rama ya mai da ganye cikakken abinci. Garin waken suya da aka soya, cokali biyu a kofin koko, ya canza kokon gaba ɗaya.

Rana ɗaya tana iya kasancewa haka. Da safe kunun gyaɗa ko koko da ƙosai huɗu ko biyar. Da hantsi gwanda ko gwaiba da ɗan gyaɗa. Da rana shinkafa da wake da manja kaɗan, da yankakken tumatir da alayyahu. Da la'asar fura da nono, sukari kaɗan ko babu. Da dare tuwo da miyar taushe mai kabewa da yakuwa, da kifi ko nama ko yanka biyu ne. Sau uku manya, sau biyu ƙanana. A watannin ƙarshe, da ciki ya danne tumbi kuma ƙwannafi ya taso, rarraba abincin nan shi ke sa a iya ci.

Nono sai wanda aka tafasa madararsa kafin a kwantar, domin ɗanye yana ɗauke da ƙwayoyin cutar da kan zubar da ciki. Ƙwai da nama a dafa su sosai. Hanta tana gina jini, amma yawanta na da illa ga ɗan tayi saboda sinadarin bitamin A da ya yi mata yawa, don haka kada ta zama abincin kullum, musamman a farkon ciki. Gishiri ya zama mai sinadarin aidin. Shayi kuma a raba shi da abinci da kamar awa biyu, domin yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe. Lemon zaƙi, gwaiba ko tumatir tare da abinci su kuma ƙara tsotsar suke yi.

Idan ana ci amma sikeli ya tsaya

Ba kullum laifin kwano ba ne. Zazzaɓin cizon sauro yana iya zama a mabiyiya ba tare da mace ta ji zafin jiki ba, yana rage abin da ke isa ga ɗan. Shi ya sa ake ba da ƙwayoyin Fansida guda uku a wurin awo, daga mako na 13, tazarar wata guda tsakanin sha da sha, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Ki haɗiye su a gaban nas, ki kwana a gidan sauro mai magani. Tsutsar ciki ma tana shan jini, ana ba da maganinta bayan wata ukun farko na ciki.

Maganin ƙarin jini, mai sinadarin ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 da folik asid, kullum ake shan sa. Mata kan daina saboda tashin zuciya ko baƙin bayan gida. Baƙin ba ciwo ba ne. Tashin zuciyar kuma yakan ragu in aka sha da dare bayan abinci. Kuma ba ya sa jariri ya yi girman da ya wuce kima, duk da ana yawan faɗin haka. Idan kin ji kina kwaɗayin farar ƙasa ko ƙanƙara, ki faɗa wa ungozoma, sau da yawa alamar ƙarancin jini ce.

Sai aiki. Mace mai wata bakwai da ke daka, ɗiban ruwa daga nesa da noman damina tana ƙone abin da ta ci kafin ya kai ga ɗan. Maigida, nan ne naka: buhun hatsi ka ajiye, to, amma kuɗin niƙa, da ɗan garuwa, da ƙwai ɗaya a rana, su ne za su motsa allurar sikeli. A gidan da ake fitar da kwanon maza da naman a kai, mai ciki ta kankare ƙanzo, ba a yi mata adalci ba. Yarinyar da ta ɗauki ciki tana 'yar 15 ko 16 jikinta bai gama girma ba, ita da ɗan suna rabon abinci ɗaya, don haka buƙatarta ta fi. Haka wadda ta yi kwanika.

Laulayi na yau da kullum ana lallaɓa shi da ɗan abu busasshe da sassafe kafin a tashi, da ci kaɗan-kaɗan, da kurɓar ruwa tsakanin abinci. Amma in ko ruwa ba ya zama na yini guda, fitsari ya yi duhu ya ragu, ko nauyinki ya ragu da kamar kilo 3 in da kilo 60 kika fara, wannan na asibiti ne, sai an yi ƙarin ruwa. Batun azumi kuwa, shari'a ta yi wa mai ciki sauƙi idan tana tsoron cutuwar kanta ko ɗanta. In nauyinki ya tsaya, ko kina da ƙarancin jini, ciwon suga ko tagwaye, ki nemi shawarar likita kafin ki ɗauka.

Idan yana hawa da gudu

Hawan da ya ɗan wuce ƙa'ida a hankali ana gyara shi ba tare da yunwa ba: a bar lemon kwalba, a rage soye-soye, cincin da fanke, a rage malmala a ƙara miya da ganye, a yi tafiyar ƙafa ta minti 30 kwana biyar a mako in likita bai hana ba. Ƙibar da ta wuce kima tana ƙara haɗarin hawan jini, ciwon suga da tiyata, kuma ba ta saurin tafiya bayan arba'in.

Hawan farat ɗaya kuwa wani abu ne daban. Idan bayan wata biyar kika ƙara kilo 1 ko 2 cikin mako guda, zobe ya ƙi fita, fuska ta kumbura da safe, wannan ruwa ne ke taruwa, ba ƙibar jin daɗi ba. Kumburin ƙafa da yamma wanda ke sacewa in an kwanta abu ne da aka saba. Na fuska da hannu kuwa, musamman tare da ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, yana iya zama share fagen jijjiga. Kada a jira ranar awo, kada a tsaya shafe-shafe. A tafi asibiti a ranar, a gwada hawan jini da fitsari, kuma in ya kai 140 bisa 90 kada a koma gida sai likita ya gani.