Yadda ake kiwon lamfayi, ɗan kifin nan mai fitila a ido

Kifin da zan yi magana a kai shi ne wanda masu akwariyum, wato tankin gilashin kiwon kifin ado, ke kira lamfayi, sunansa na kimiyya Poropanchax normani. Ɗan mitsitsi ne, da wuya ya wuce santimita 4, jikin ba wani ado, amma saman idonsa akwai shuɗin haske sai ka ce an kunna masa ƴar tocila. Kuma ɗan gida ne fa, a rafukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya yake har da Najeriya da Nijar da Chadi, ba kamar wani kifin adon mai suna niyon tetira ba da asalinsa can yankin Amazon.

Kar ka sayi biyu ka ce gwaji kake. Ni haka na yi da farko, suka maƙale bayan dutse ko abinci sai sun ga na bar ɗakin. Kifin garke ne, sai sun kai 8 zuwa 10 hankalinsu yake kwanciya, a nan ne za ka ga idanun nan suna tafiya tare a saman ruwa, wallahi sai ka manta da waya.

Toh amma kafin kifi, ruwa. Ka samu tankin gilashi mai tsawon santimita 60, wajen lita 50 kenan, ka zuba yashin rafi wanda ka wanke sosai, ka sa tsirran ruwa, ka kunna filtar soso mai tace ruwa, sannan ka haƙura. A nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, ita kuwa guba ce, akwai wasu bakteriya masu amfani da ke zama cikin soson suna mayar da ita nitrayit sannan nitret mai sauƙin illa, kuma kafin su yi yawa sai an yi sati 4 zuwa 6, kana ɗan barbaɗa abincin kifi a tankin da ba kowa don su samu na ci. Yara za su dame ka da Baba yaushe kifin zai zo, ka ba su haƙuri kawai.

Ruwan famfo yana da kulorin, ka sa masa maganin cire shi, in babu ka bar shi ya kwana a buɗaɗɗen bokiti. Duk sati ka kwashe kashi ɗaya cikin huɗu ka zuba sabo. Soson kuma a cikin ruwan da ka kwasa za ka matse shi, ban da famfo, ban da Omo.

Zafi ne babbar rigimarmu. Shi digiri 22 zuwa 26 yake so, mu kuwa kowa ya san ɗaki a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, ga ruwa in ya yi zafi iskar da ke cikinsa raguwa take, in kuma NEPA suka ɗauke wuta, filta ta tsaya, shi ke nan sai ka ga kifi a sama suna haki. Ka ajiye tankin nesa da taga, ka saita ƴar fanka tana kaɗa saman ruwan, ka tanadi famfon iska mai batir. Kar ka antaya ƙanƙara, sauyin gaggawa ya fi zafin illa. Murfi dole ne don suna tsalle, da bazara ka sa raga maimakon gilashi.

Abinci ka murje shi da yatsa saboda bakin ƙarami ne, sau biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti 2. Tsutsar sauro kuwa kamar ka ba su kilishi.

Kar ka haɗa su da tarwaɗa ko karfasa, loma ɗaya ne. In sun ji daɗin wurin za ka fara ganin ƙwai ɗai-ɗai manne da tsirrai masu siraran ganye, ka cire ganyen ka sa a wata roba da ruwan tankin, wajen sati 2 za su ƙyanƙyashe.