Kurakuran da masu koyo ke maimaitawa da fulogin na maski da gyaran launi

Duk wanda ya daɗe yana duba aikin masu koyon gyaran hoto ya san kurakuran ba su da yawa, maimaita su ne ya yi yawa. Mutum ya sa sabon fulogin a Photoshop, wato ƙaramar manhajar da ake ƙara masa don wani aiki na musamman, ya danna maɓalli ɗaya, ya ga hoto ya yi ƙyalli, ya tura wa mai shi. Sai an buɗe a babban sikirin a ga farin zare ya kewaye kan mutumin da ke ciki, sararin sama ya rarrabu layi-layi, fatar fuska ta koma ruwan lemo. Daga nan a ɗora wa fulogin laifi, a tafi neman wani. Alhali fulogin lissafi kawai yake yi a kan abin da ka miƙa masa, ba shi da idon da zai gane aikin ya yi ko bai yi ba.

Tun kafin a buɗe fulogin ɗin ake fara ɓarna. Hoton JPEG yana da bit 8, wato matakai 256 ne kacal tsakanin baƙi da fari a kowane ɗaya daga ja, kore da shuɗi. Ka ja Curves, kayan daidaita haske da duhu, da ƙarfi, ka ɗora filta biyu ko uku, matakan nan sai su wawware, shi ne layi-layin da kake gani a sama da kan bango mai santsi. Buɗe RAW ɗinka, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ta ɗauka, a bit 16 ka yi aikin a haka har ƙarshe. Mayar da JPEG zuwa bit 16 ba ya dawo da abin da kyamara ta riga ta zubar, amma yana rage sabuwar ɓarna, don haka ko JPEG aka ba ka, ka mayar kafin ka fara. Kada kuma ka kunna fulogin a kan leyar Background, wato shimfiɗar farko da ainihin hoton yake a kai. Danna Ctrl+J, ka mayar da kwafin Smart Object, yadda filtar za ta zauna a matsayin abin da za ka iya sake buɗewa gobe ka rage mata ƙarfi. Ba kowane fulogin ke yarda da wannan ba. Wanda ya ƙi, a ba shi tasa leyar daban, a sa mata suna.

Yanzu ga wanda ya fi ƙona rai: yarda da maskin da na'ura ta yi, wato abin da ke raba mutum da bango, ba tare da an duba bakinsa ba. Tun da Select Subject, mai zaɓo mutum da kansa, ya shigo Photoshop a 2018, Lightroom kuma ya samu nasa mai zaɓo mutum da sama a 2021, masu koyo da yawa suka daina kallon maski kwata-kwata. Suna ganin mutum ya fita daga bango, shi ke nan. To ka san abin da maski yake yi tukuna. Fari yana bayyanawa, baƙi yana ɓoyewa, ruwan toka yana bayyana wani kaso. Iyakar aikinsa ke nan, ba ya taɓa launin fiksel ko ɗaya. Su kuwa fiksel ɗin da ke bakin gashi ko kafaɗa gauraye suke, rabi launin mutum, rabi launin bangon da ya tsaya a gabansa. Silin gashi sau da yawa bai kai faɗin fiksel ɗaya ba. In an ɗauki hoton a gaban farin bango ka mayar da shi kan bango mai duhu, farin nan yana nan maƙale a baki komai tsadar fulogin ɗinka.

Abin da mai koyo ke yi idan ya hango farin zaren shi ne ya ja Feather, mai sa wa bakin maski laushi, zuwa 20 ko 30. Garin gyaran gira a rasa ido. Zaren bai tafi ba, ya dai baje ya zama hazo, kafaɗa ta narke, kunne ya zama kamar ana hango bango ta cikinsa. Wani kuma ya ɗauki Refine Edge Brush a cikin Select and Mask ya zagaye jikin mutum gaba ɗaya da shi, har riga da hannu. Burushin nan na gashi ne da gezar tufafi da duk abin da bango ke leƙowa ta tsakaninsa. In ka goga shi a kan baki mai kaifi, sai ya fara neman ramukan da babu su, ya ciccinye gefen rigar. Haka abin yake a fulogin masu launi uku irin Mask AI na Topaz, inda kore ke nufin a bari, ja a cire, shuɗi kuma na'ura ta yi lissafi. Mutane suna shafa shuɗin da faɗi ko'ina don a gama da wuri. Shuɗi ya zama siriri a kan kafaɗa da hannu, ya yi faɗi a wurin gashi kaɗai. Duk inda ka san amsa da idonka, kada ka bar wa na'ura ta yi canke.

Ni dai ba na haɗa baki mai kaifi da gashi a aiki ɗaya. Jiki da tufafi da Pen Tool nake bin su, ina shiga ciki da kamar fiksel ɗaya, in ba su laushin 0.5 zuwa 1. Fulogin ko Select and Mask na bar wa gashi. Laushin bakin maski kuma dole ya bi laushin hoton kansa: inda lens ya kama da kyau baki ya yi kaifi, hannun da ya fita daga fokas a ba shi laushi daidai da yadda ya dusashe. Maski mai kaifi ɗaya daga kai har ƙafa shi ke sa hoto ya yi kama da wanda aka yanka da almakashi aka manna.

Sai dubawa, wanda shi ne ba a yi. Sa leyar Solid Color a ƙarƙashin mutumin, ka gwada baƙi, ka gwada fari, ka gwada kore shar. Kowanne yana tona wani aibu daban. Ka kalla a girman kashi 100, wurin gashi kashi 200. Riƙe Alt ka danna hoton maskin don ka gan shi tsirararsa, baƙi da fari. A nan za ka tarar da dabbare-dabbaren toka a tsakiyar fuska ko riga, inda ya kamata ya zama fari tas. Burushi a yanayin Overlay yana share su: fari yana ƙara wa mai haske haske ba tare da ya shiga cikin baƙi ba, baƙi ma haka. Don kama ɓurɓushin da ya rage a bango, sa wa leyar jan Stroke na fiksel 3 na ɗan lokaci, duk ɗigon da ya ɓuya zai fito da jan zobe.

Zaren da ya rage a baki mai kaifi, zaɓi wurin kaɗai da Lasso, ka kunna Minimum, filtar da ke matse farin maski ciki, a kan maskin da fiksel 0.5 zuwa 1. Kada ka yi wa dukan maskin, zai aske ƙananan silin gashi. Decontaminate Colors kuwa kashe shi nake yi, domin yana sake wa fiksel ɗin baki launi da kansa, kuma sau da yawa yana barin gashi a dame. Na fi son sabuwar leya a sama, a ɗaure ta da Ctrl+Alt+G, a sa ta a yanayin Color, a ɗebo launin gashin daga ciki a shafa a baki. In zaren fari ne, Color ba zai yi ba tunda haske ne matsalar, sai a koma Multiply ko Darken da burushi mai ƙarfin kashi 20 zuwa 30. Wani abu da ake mantawa: gyaran lanƙwasar lens da cire zaren shunayya da kore da lens ke bari a bakin abubuwa, a RAW ake yin su kafin maski. In ka gyara lanƙwasa daga baya, hoton zai gusa, maskin ya tsaya inda yake.

Masu amfani da maskin haske, wato maskin da ake cirowa daga haske da duhun hoton kansa, irin wanda Tony Kuyper ya yaɗa tun 2006 kuma fanel, wato fulogin masu jerin maɓallai, irin TK da Lumenzia da Raya Pro ke samarwa, nasu kuskuren daban ne. Layin ɗigo-ɗigo mai motsi da Photoshop ke kewaye abin da aka zaɓa da shi yana nuna fiksel ɗin da aka zaɓa sama da kashi 50 ne kawai, don haka rashin ganinsa ba ya nufin ba a zaɓi komai ba. Maskin da kansa za ka kalla. Kada kuma ka sa masa Gaussian Blur da ƙarfi, daga hoton aka ciro shi, bakinsa ya riga ya dace da hoton, dusar da shi ne ke haifar da haske a bakin dutse da rassan bishiya. Kuma ba ya sabunta kansa. In ka canza hasken hoton sosai, ciro sabo.

Kuskure na biyu a girma, bayan na maski, shi ne ɗora ado a kan launin da ba a daidaita ba. Wannan kwalliya ce ba a yi wanka ba. An ɗauki hoto a ƙarƙashin ƙwan lantarki mai ja-ja, komai ya rine da rawaya, maimakon a cire rinin sai a buɗe fulogin na ado irin Color Efex ko a ɗora firiset, wato shiryayyen gyaran launi, a ga bai yi ba, a ƙara wani a kai, har a tara biyar. Kowane firiset an gina shi ne a kan zaton farin hoton fari ne, tokarsa toka ce. In ka ba shi mai rawaya, rawayar zai ninka. Wallahi yawancin hotunan da ake cewa firiset ya lalata, daidaiton fari ne ba a yi musu ba.

Tsarin ba shi da wuya. Daidaiton fari a RAW, da Temperature da Tint duka biyun, don rinin kore na wasu fitilu Tint ne ke cire shi. Sai haske, sai iyakar baƙi da fari, sai gyaran wurare ɗai-ɗai da maski, ado ya zo a ƙarshe. Kuma kada ka dogara da ido, domin ido yana sabawa da rini cikin mintuna kaɗan har ya riƙa ganinsa fari. Buɗe Info, ka sa Color Sampler a kan abin da ka san toka ne ko fari mara ƙyalli, ka mayar da girman samfurin 5 by 5 ko 11 by 11 don kada fiksel ɗaya mai hayaniya ya ruɗe ka. A toka ta gaskiya lambobin ja da kore da shuɗi kusan ɗaya suke. In ka ga 142, 130, 108, shuɗi ya yi ƙasa, hoton ya karkata zuwa rawaya. Kada ka ɗebi samfur a kan ƙyallin gilashi ko ƙarfe, can komai ya ƙone ya kai 255, ba abin da zai gaya maka. Farin ido ma ba fari ba ne. Wanda ke aikin kaya ko tufafi da dole launinsu ya fito daidai, ya ɗauki hoto ɗaya da katin toka ko ColorChecker mai gida 24 a cikin hasken, ya huta da canke.

Idan haske iri biyu ne a hoton, na taga mai kusan 5500K a ma'aunin launin haske da na ƙwan ɗaki mai kusan 2700K zuwa 3200K, babu lamba ɗaya da za ta gyara duka. Ka daidaita wa hasken da ke kan fuska, ɗayan ɓangaren ka gyara shi da maski mai laushi.

Fata kuwa a nan ake gane wanda ya iya. Baƙa ce ko fara, launinta yana zaune ne a yankin ruwan lemo, ja ya fi kore, kore ya fi shuɗi. Ƙara Saturation, wato kaurin launi, na dukan hoto shi ke mayar da ita kamar an shafa mata janbaki. Masu ƙara wa baƙar fata haske har ta yi furu-furu su daina, ba gyara ba ne, kashe mata jini ne da sheƙi. Curves ma yana ƙara kaurin launi duk lokacin da ka ƙara bambancin haske da duhu, don haka in haske kaɗai kake nufi, sa leyar a yanayin Luminosity. Ado kuma na fi barinsa tsakanin kashi 30 zuwa 50, in rage shi a kan fata da burushin toka a maski.

A tarin fulogin na Nik Collection, wanda ya bar hannun Google ya koma na DxO a 2017, ɗigon U Point, wanda ake ɗorawa a wurin da ake son gyarawa, yana karanta launi da hasken fiksel ɗin da ka ɗora shi a kai, da'irar da ke kewaye da shi kuma iyakar inda zai nema ce. Ka ɗora shi a kan ƙyallin goshi, ƙyalli zai zaɓo ya bar fata. Kunna nunin maski ka gani, inda ya malala kuma ka sa wani ɗigon da ba ka taɓa komai a kansa ba, zai kare wurin.

Sauran ƙanana ne amma suna cin aiki. LUT, wato fayil mai sauya launi, wanda aka yi wa bidiyon log, mai fitowa a koɗe don a gyara daga baya, ba na hoto ba ne, zai murƙushe inuwa ya ƙone launi. Structure da Clarity in sun yi yawa suna zana haske a bakin abubuwa ko da maskinka ba shi da aibu. Rage hayaniya a farko ake yi, ƙara kaifi a ƙarshe bayan an rage girman hoto. Kashe Night Light ko Night Shift, masu rina sikirin da rawaya da dare, kafin ka taɓa launi, ka sauke hasken sikirin zuwa wajen 100 ko 120 cd/m², da fari a 6500K da gamma 2.2, in da hali da na'urar awo irin ta Calibrite ko Spyder. Sikirin mai tsananin haske shi ke sa hoto ya fito da duhu a takarda. Fanel ɗin da ya ɓace bayan ka koma kwamfutar Mac mai M1 ko na bayansa, galibi da tsohon tsari mai suna CEP aka gina shi, nemi sigarsa ta sabon tsari, UXP.

Sai wanda ke zuwa a minti na ƙarshe. Lightroom yakan miƙa wa Photoshop hoto a furofayil ɗin launi mai faɗi, ProPhoto RGB, mai koyo ya gama aiki ya ajiye JPEG a haka, a waya ya fito a koɗe, fata ta yi kore-kore. Furofayil na intanet sRGB ne, kuma Convert to Profile ake dannawa, wanda ke canza lambobi don launi ya tsaya yadda yake. Assign Profile yana barin lambobin ya canza musu ma'ana, launin ya tashi gaba ɗaya. Ka yi canjin a kan kwafin da aka haɗe leyoyinsa, ka tabbata an saka furofayil ɗin a cikin fayil, ainihin PSD ko TIFF mai bit 16 kuma ya zauna da leyoyinsa da maskinsa ba a taɓa ba.