Yadda ake haɗa zaman rage raɗaɗi ga waɗanda sunka gudo daga harin 'yan bindiga

Duk wanda ya zauna da mutanenmu da sunka baro ƙauyukan Sabon Birni da Isa da Rabah ya san ba yunwa kaɗai ke cin su ba. Tsohuwa ce da an tada babur kusa da ita jikinta ya ɗau rawa, magidanci ne ba ya runtsawa sai an kira assalatu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa kusan mutum 1 cikin 5 a wuraren da ake rikici na fama da irin wagga lalura ta tunani, baƙin ciki mai tsanani ko fargaba ko firgici, mu kuma iyakarmu mu ce a yi haƙuri ƙaddara ce mu wuce. Haƙuri gaskiya ne, amma akwai abin da za a ƙara.

Da farko a samu mai jagora. Ba dole sai likita ba, malamar makaranta ko ma'aikacin lafiya na unguwa ya isa in dai ya samu horo kuma akwai ƙwararre da ke duba aikinsa. Tsarin PM+ na rukuni, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar don taimaka ma mutane su shawo kan damuwa da matsalolin yau da kullum, dama don irinsu anka yi shi, zama 5 ne, sau ɗaya a sati, kamar awa 2 kowane zama.

Sai a zaɓi mutane, kada su wuce 12, mata daban maza daban, don akwai abin da mace ba za ta taɓa faɗi gaban namiji ba ko da ƙaninta ne. Wuri ya zama mai sirri, aji bayan an tashi ko zaure da ake iya rufewa, ba gindin bishiya inda kowa ke giftawa ba.

Ranar farko amana za a ƙulla: abin da anka faɗi nan ya tsaya nan. Kuma don Allah, nan ne nake so a ji ni da kyau, kada a tilasta ma kowa ba da labarin abin da ya faru da shi. Wallahi zuciyata na sosuwa in na ji ana cewa "baba faɗa mana yadda anka kashe ɗanki" wai don ta samu sauƙi, alhali tono ciwo ne ba tare da magani a hannu ba. Wanda ya so magana a saurare shi ba katsewa ba wa'azi, wadda ta yi shiru a bar ta, zuwanta ma wani abu ne.

A koya masu jan numfashi a hankali, a ja ta hanci har ciki ya taso a sake shi sannu sannu, su riƙa yi a gida in gaba ya faɗi.

Daga zama na biyu a kama matsalar yau, kuɗin haya ne ko yara ba makaranta ko rashin sana'a, a ɗauki guda ƙarama, kowa ya kawo shawara, mai matsalar ya zaɓi abin da zai gwada kafin sati ya zagayo. Sannan a riƙa maido su ga abin da sunka saba, mai saƙar tabarma ta koma saƙa, mai zuwa majalisa bayan la'asar ya koma.

In wani ya ambaci kashe kansa, ko ya daina ci, ko yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, wannan ya wuce ƙarfin zaman. Kada a bar shi shi kaɗai, a samu ɗan'uwansa a raka shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware ranar nan.