Yadda ake gane inda igiyar karo ta ƙara wa barbashi kuzari a iskar rana

Rana tana fesar da barbashi masu caji, galibi furoton da ilektiron, da gudun kusan kilomita 400 a daƙiƙa. Ita ce iskar rana. Idan mai sauri ta cimma mai nawa, ko ta tunkari iskar da ke tsakanin taurari, sai a samu igiyar karo, inda yanayin iskar ke sauyawa farat ɗaya. Bayanan Voyager 1 da Voyager 2, kumbunan da NASA ta harba a 1977, suna nan a intanet. Ga yadda ake bin su.

Da farko, jera abu huɗu bisa kwanan wata: gudun iskar, zafinta, ƙarfin maganaɗisu, da yawan barbashi masu kuzari da LECP, na'urar ƙirga barbashi da ke cikin kumbunan, ta ƙirga. Fara da Voyager 2, domin na'urar auna iska ta Voyager 1 ta lalace tun 1980.

Sai ka nemi wurin da maganaɗisu da zafi suka tashi tare. Idan gudun iskar ma ya ƙaru, igiya ce daga rana ta riski kumbon. Idan kuwa ya faɗi warwas, babbar igiyar can ƙarshe ce, inda iskar rana ke tunkarar iskar da ke tsakanin taurari, wadda Voyager 1 ya tsallake a Disambar 2004 a nisan da ya ninka tazarar duniya da rana sau 94, Voyager 2 kuma a Agustan 2007 a ninki 84.

Yanzu koma kan barbashin, nan aikin yake. Duba ko yawansu ya fara hawa tun kafin igiyar ta iso, ya kai ƙololuwa daidai isowarta. Dalili shi ne ruɗanin maganaɗisu na gaban igiyar da na bayanta yana mayar da barbashi, ya yi ta kai da komo yana tsallake igiyar, kamar ƙwallo tsakanin bango biyu da ke matsowa. Kowane zagaye sai ya ƙara kuzari. Da sunan masanin kimiyya Enrico Fermi aka san wannan hanya. Mafi yawa suna sulalewa da wuri, shi ya sa masu babban kuzari ba su da yawa.

Duba kuma ko hawan yana maimaituwa kusan duk kwana 26. In haka ne, juyawar rana ce ke kawo shi.

Amma kada ka yi saurin yanke hukunci. Akwai barbashin da asalinsu daga sararin taurari suka shigo ba caji, hasken rana ko iskarta suka caja su, iskar ta kwashe su waje. Masana sun ɗauka masu kuzarin cikinsu za su fi yawa a bakin babbar igiyar. Kumbunan suka tsallake, yawan nasu bai tsaya hawa ba sai can gaba. Don haka ka ware barbashi gwargwadon kuzarinsu kafin ka jingina su ga igiyar da kumbon ya ratsa.